Mun Roƙa, Ba a Ba Mu Ba: Ina Mai Bi Zai Sa Kansa?

A wata bazara, lokacin da zafin rana yake sa ko kaji su saki baki a ƙarƙashin rumbu, ciwon sanƙarau ya kama wani yaro ɗan shekara 9 a ɗaya daga cikin ƙananan ikilisiyoyin da nake zagayawa a ƙasar Daura. Uwarsa gwauruwa ce, shi ne kuma ɗanta namiji tilo. Da wuyansa ya sandare aka ɗora shi a kan babur, aka kai shi asibiti cikin gari. Ma'aikatan jinya sun yi bakin ƙoƙarinsu. Mu ma muka yi namu. Muka sa azumin kwana uku, Zumuntar Mata suka kwana a majami'a suna roƙo, matasa suka yi karo-karo aka sayi magani. A rana ta huɗu da asuba yaron ya cika.

Bayan mun dawo daga makabarta, maƙwabta, Kirista da Musulmi, suka cika ƙofar gida suna gaisuwa. Da jama'a suka ragu sai uwar ta aiko a kira ni. Na same ta zaune a kan tabarma, rigar makarantar yaron tana kan cinyarta. Ba kuka take yi ba. Ta ce, "Malam, ina da tambaya. Kai ne kake koya mana cewa in mun roƙa za mu samu. Ga shi mun roƙa. To, Allah ne bai ji ba, ko kuwa laifin nawa ne?"

Daga baya na sami labarin abin da ya jawo rabin tambayar na biyu. Ashe wani baƙo da ya zo gaisuwa ne ya ce mata da bangaskiyarta ta cika, da yaron bai mutu ba.

Ina da takardar shaidar makarantar Littafi Mai Tsarki a cikin akwatina, amma ran nan bakina ya mutu murus. Abin da na iya faɗa kawai shi ne, "Mama, Allah ya ba mu haƙuri." Na hau babur na koma gida, tambayar tana bina. Abin da zan rubuta a nan shi ne abin da na samo bayan na koma ga Maganar Allah da tarihin waɗanda suka riga mu bangaskiya a wannan ƙasa. Na rubuta shi domin wannan baiwar Allah, da kuma duk wanda yake zaune da irin tambayarta amma kunya ta hana shi furtawa.

Ƙasar masu jira

Masarautar Daura ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar: Daura, Baure, Zango, Sandamu da Mai'adua. Ƙasa ce ta jigawa, a bakin iyaka da Jamhuriyar Nijar, daminarta kuwa gajeriya ce, galibi daga watan Yuni zuwa Satumba. Saboda haka manomin wannan yanki ya san jira tun yana yaro. Da yawa sukan yi binne, wato su zuba irin gero cikin busasshiyar ƙasa tun hadari bai haɗu ba. Wata shekara ruwa ya sauka sosai, shuka ta kama. Wata shekara kuwa ɗan yayyafi ne zai sa irin ya tsiro, sa'an nan sama ta ɗauke, tsiron ya ƙone, a sake shuka sau biyu ko uku. Dattawanmu har yanzu suna ba da labarin farin 1973 da na 1984. Masu bi sun yi addu'a a majami'u, maƙwabtanmu Musulmi sun fita roƙon ruwa, duk da haka rumbuna suka zauna wayam, dabbobi suka mutu, mutane suka bar gidajensu neman abinci.

Mu masu bin Almasihu a nan ba mu da yawa. Akwai ma'aikatan gwamnati da aka turo, da malaman makaranta, da 'yan sanda, da 'yan kasuwa, da masu yi wa ƙasa hidima, da manoma a ƙauyuka. Duk wanda yake zuwa taron addu'a na ranar Laraba ya san irin roƙe-roƙen da ake kawowa: mace shekara 12 da aure ba haihuwa, saurayi ya gama makaranta shekara 6 ba aiki, magidanci yana fama da ciwon ƙoda, wani kuma an sace ɗan'uwansa a hanya ana neman kuɗin fansa. Waɗansu Allah yakan amsa musu, ran Lahadi su fito gaba su ba da shaida, a buga ganga, a yi murna. Wannan daidai ne. Amma sauran fa? Sukan koma bencin baya su yi shiru, domin a tsarin sujadarmu ba mu keɓe wa wanda ya roƙa bai samu ba ko da minti ɗaya ba.

Ga kuma wani sabon nauyi da ya ƙaru. Yanzu kowa yana da waya a aljihu, masu wa'azi kuma suna shigowa har cikin ɗaki ta Facebook da WhatsApp, suna cewa duk wanda ya ba da gaskiya yadda ya kamata, ya kuma aika da wani abu, lalle ne ya sami abin da yake so. Mai baƙin ciki in ya ji haka sai ciwonsa ya zama biyu: ga rashi, ga zargin kai.

Dare ɗaya a Malumfashi

Bari mu ɗauki abin da ya faru a cikin jiharmu ta Katsina. A daren 20 ga Mayu 2021, 'yan bindiga suka kai hari a Majami'ar Katolika ta St. Vincent Ferrer da ke Malumfashi, suka tafi da firistoci biyu. Ɗaya shi ne Fada Joseph Keke, dattijo mai shekara sama da 70. Ɗayan kuwa Fada Alphonsus Bello ne, matashi da bai daɗe da haura shekara 30 ba. Washegari aka tsinci gawar Fada Bello a cikin gona, bayan makarantar horar da katikis ta garin. Fada Keke kuwa aka sako shi bayan kimanin mako biyu.

Ɗan'uwa mai karatu, ka duba wannan da kyau. Gida ɗaya aka shiga, dare ɗaya, bayin Allah biyu masu aiki ɗaya. Jama'ar da suka tashi da labarin a wannan dare sun yi roƙo domin su biyun. Ɗaya ya dawo, ɗaya aka binne. Wa zai iya buɗe baki ya ce matashin ya kasa dattijon bangaskiya? Wa zai ce iyayen Fada Bello ba su iya addu'a ba?

Irin wannan ya taɓa faruwa a Urushalima, an kuma rubuta mana shi a Ayyukan Manzanni sura 12. Sarki Hirudus ya kama Yakubu ɗan'uwan Yahaya, ya sa aka kashe shi da takobi. Da ya ga abin ya yi wa mutane daɗi, ya kama Bitrus ma ya sa a kurkuku. Ikilisiya ta dage da addu'a, mala'ika ya zo da dare ya fitar da Bitrus. Mu masu wa'azi muna son wannan labari ƙwarai, amma sau da yawa daga aya ta 5 muke farawa, mu tsallake Yakubu. Alhali shi ma manzo ne, yana cikin ukun nan da suka fi kusa da Yesu. Luka, wanda ya rubuta littafin, bai gaya mana dalilin da ya sa aka kuɓutar da ɗaya aka bar ɗaya ba.

Akwai kuma wani abu a cikin surar da ya kamata ya rufe bakin baƙon nan da ya zargi gwauruwa. Sa'ad da Bitrus ya ƙwanƙwasa ƙofar gidan Maryamu, uwar Yahaya Markus, inda ake taron addu'ar, baranya mai suna Roda ta ruga ta faɗa musu. Sai masu addu'ar suka ce mata ta haukace. Wato su kansu ba su sa rai Allah zai amsa a wannan dare ba. In da cikar bangaskiyar masu roƙo ce take buɗe kurkuku, da Bitrus bai fito ba. Alherin Allah ne ya fitar da shi, hikimar Allah kuma, wadda ba a bayyana mana ba, ita ta karɓi Yakubu.

Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa sura 11 ma haka ta jera su. Daga aya ta 32 ta lissafta waɗanda suka ci mulkoki, suka tsira daga zakoki da wuta da takobi. Ba tare da ta canja numfashi ba ta ci gaba da waɗanda aka jejjefe, aka tsaga da zarto, suka yi yawo cikin fatun awaki. Aya ta 39 ta haɗa su duka, ta ce an yaba musu saboda bangaskiyarsu.

Manyan bayin Allah da aka hana

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye mana wannan al'amari ba ko kaɗan. Musa, wanda ya roƙa wa Isra'ila gafara aka ji shi, ya roƙa wa kansa a bar shi ya haye Urdun, Allah ya hana shi, har ya ce masa kada ya ƙara tada maganar (Maimaitawar Shari'a 3:23-27). Bulus ya roƙi Ubangiji har sau uku a cire masa abin da ya kira ƙaya a jikinsa. Ba a cire ba. Abin da aka ba shi shi ne alkawarin alheri da zai ishe shi ɗaukar ƙayar (2 Korantiyawa 12:7-10). Wannan Bulus ɗin da Allah ya warkar da mutane ta hannunsa, shi ne ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas a Militas ba shi da lafiya (2 Timoti 4:20).

Wanda ya fi su duka shi ne Ubangijinmu kansa. A gonar Getsamani, a daren da aka bashe shi, ya faɗi rubda ciki ya roƙi Uba har sau uku ko za a ɗauke masa ƙoƙon wahala, yana miƙa kansa ga nufin Uban a kowane karo (Matiyu 26:36-46). Ba a ɗauke ƙoƙon ba. Luka ya ce mala'ika ya zo ya ƙarfafa shi, bayan haka kuma aka kama shi, aka gicciye shi. Shin akwai zunubi a cikinsa? Babu. Shin bangaskiyarsa ta gaza? Ko kusa. Duk da haka Ibraniyawa 5:7 ta ce an ji roƙonsa. An ji shi ran Alhamis da dare, amsar kuwa ta bi ta kan gicciye da kabari kafin ta bayyana ran Lahadi da asuba. Da Uba ya amsa yadda aka roƙa a gonar, da ni da kai ba mu da ceto yau.

Saboda haka, Kirista ba ya bauta wa Allahn da yake kallon mai kuka daga nesa. Mai Cetonmu ya san ɗacin roƙon da aka hana, domin ya ɗanɗana shi da bakinsa.

Wani zai ce, to ina alkawarin nan na cewa mai roƙo zai samu? Yana nan daram. Amma mu karanta shi har ƙarshe. A Luka 11:9-13 Yesu ya kwatanta Allah da uba wanda ba zai ba ɗansa maciji a maimakon kifi ba, ya kuma rufe maganar da cewa babbar kyautar da Uba yake bayarwa ita ce Ruhu Mai Tsarki. 1 Yahaya 5:14 ta ɗaure roƙonmu da nufinsa. Alkawarin na ɗa da uba ne. Uban da ya san abin da yake yi yakan ba ɗansa, yakan ce ya dakata, yakan kuma hana shi, duk cikin ƙauna ɗaya.

Gaskiya ne Nassi ya ce zunubi da mugun nufi suna iya tare addu'a (Zabura 66:18, Yakubu 4:3, 1 Bitrus 3:7). Amma an ba mu waɗannan ayoyi ne domin kowa ya binciki zuciyarsa. Ba a ba mu su domin mu ɗauka mu je gidan makoki mu auna wa wani ba. Abokan Ayuba sun yi haka, a ƙarshe Allah ya husata da su (Ayuba 42:7). Da almajirai suka tambayi Yesu ko zunubin wa ya sa aka haifi wani makaho, sai ya ce ba nasa ba ne, ba kuma na iyayensa ba (Yahaya 9:1-3).

Kaburburan Girku

Yadda bishara ta iso ƙasar Hausa ma labari ne na addu'ar da ta daɗe ba a ga amsarta ba. A birnin Toronto na ƙasar Kanada akwai wata mata, Uwargida Gowans, wadda ta ɗauki nauyin addu'a domin wannan yanki namu da Turawa suke kira Sudan a wancan zamani. Ɗanta Walter Gowans, da Rowland Bingham, da Thomas Kent suka sauka a Ikko ran 4 ga Disamba 1893, burinsu su kai bishara cikin ƙasar Hausa. Wani babban mishan da suka tarar a can ya gaya musu ba za su ga ƙasar ba, 'ya'yansu ma haka, sai dai ko jikokinsu. Zazzaɓi ya kwantar da Bingham a Ikko. Gowans ya kai Girku, kudu da Zariya, a nan ya rasu a 1894. Kent ya rasu a Bida a cikin wannan shekara. Bingham ya koma gida a 1895, ba ko mutum ɗaya da ya tuba, ga abokai biyu a ƙasa.

Shi kansa ya ba da labarin cewa bangaskiyarsa ta girgiza har gindi, musamman da yake sun taso da koyarwar cewa mai bi na gaske ba zai mutu da cuta a bakin aikin Allah ba. Da ya kai wa Uwargida Gowans 'yan kayan ɗanta, sai ta nuna masa cewa ta gwammace ɗanta ya mutu a can cikin biyayya da ya zauna a gida cikin rashin biyayya ga Ubangiji. A 1900 Bingham ya sake dawowa, zazzaɓi ya sake kayar da shi, aka mai da shi gida. Sai a 1902 ƙungiyarsu, wadda aka sani daga baya da SIM, ta sami kafa tasha a Pategi, a bakin Kwara.

A wannan shekara ta 1900 kuma, Bishop Herbert Tugwell na ƙungiyar CMS ya jagoranci wata tawaga, da Likita Walter Miller a ciki, har birnin Kano. Sarki Aliyu Babba ya umarce su su bar garin. Suka koma Girku, a can ɗaya daga cikinsu, Claude Dudley Ryder, ya rasu. Ƙauye ɗaya, kaburbura biyu.

Yanzu mu ƙirga shekarun. Miller ya zauna a Zariya daga 1905. SIM ta buɗe tasha a Damagaram, arewa da mu, a 1924. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito a 1932. A cikin shekarun 1930 ne SIM ta sami zama a Kano, kusan shekara 40 bayan rasuwar Gowans, a ƙarshen waɗannan shekaru kuma ta karɓi aikin jinyar kutare a Babbar Ruga kusa da Katsina. An kafa ECWA a 1954. Angalika ta sami dayosis a Katsina a 1990, Katolika kuma a 2023, da Bishop Gerald Mamman Musa, ɗan jihar, a matsayin bishop na farko. In kana riƙe da Littafi Mai Tsarki na Hausa a hannunka yau, kana riƙe da wani yanki na amsar addu'ar matar nan ta Toronto.

Amma kada mu yi saurin ɗaure labarin da kyau fiye da yadda yake. Addu'arta domin ƙasar Hausa ta sami amsa bayan shekaru masu yawa. Ɗanta kuwa bai dawo ba. Na faɗi haka ne domin mun saba ce wa mai makoki wani jinkirin alheri ne. Wannan gaskiya ne a kan aiki, ko aure, ko haihuwa. Amma uwar da ta binne ɗanta ba jinkiri aka yi mata ba. Akwai rashin da ba a mayar da shi a wannan duniya, sai a ranar tashin matattu. In muka yi wa mutane alkawarin abin da Allah bai yi musu ba, mu ne za mu karya musu bangaskiya da hannunmu.

In ma bai yi ba

A cikin Daniyel 3:16-18, samari uku, Shadrak da Meshak da Abednego, sun tsaya gaban Sarki Nebukadnezzar, tanderun wuta yana ci. Amsarsu kashi biyu ce. Na farko, Allahnsu yana da ikon cetonsu. Na biyu, in ma bai cece su ba, ba za su yi wa gunki sujada ba. Sun faɗi kashi na biyu tun ba su san yadda abin zai ƙare ba.

A zamaninmu mun ga mai irin wannan amsa. A farkon Janairu 2020 'yan Boko Haram suka kama Rabaran Lawan Andimi, faston Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, kuma shugaban ƙungiyar CAN na ƙaramar hukumar Michika a Jihar Adamawa. Bayan 'yan kwanaki aka fitar da hoton bidiyonsa yana hannunsu. Cikin natsuwa ya roƙi a yi ƙoƙarin sakinsa. Ya ce yana sa rai da alherin Allah zai sake haɗuwa da matarsa da 'ya'yansa, in kuma hakan bai yiwu ba, watakila nufin Allah ke nan. Ya roƙi jama'a su yi haƙuri, su gode wa Allah. Ikilisiyoyi a duk faɗin ƙasar nan suka yi ta addu'a. Ran 20 ga Janairu 2020 aka kashe shi.

Haka kuma Leah Sharibu, wadda aka sace tare da 'yan mata fiye da 100 daga makarantar Dapchi ta Jihar Yobe ran 19 ga Fabrairu 2018. Da aka dawo da sauran a watan Maris na wannan shekara, aka riƙe ta saboda ta ƙi barin bangaskiyarta. Shekara bayan shekara aka yi ta ambaton sunanta a majami'u, har da namu na nan Daura.

Rabaran Andimi bai daina roƙon a sake shi ba, bai kuma jingina dogararsa ga sakin ba. Ya roƙa da dukan zuciyarsa, ya bar hukunci a hannun Mai hukunci. Abin da nake nufi ke nan da dogara ga Allah: mu riƙe halinsa da muka sani a kan gicciye, sa'ad da ba mu gane abin da hannunsa yake yi ba.

Abin da ya rataya a wuyan ikilisiya

Da farko, mu koyi zama. Al'adarmu ta zaman makoki tana da hikima. Abokan Ayuba sun yi daidai a kwana bakwai na farko da suka zauna da shi a ƙasa ba wanda ya ce uffan. Ɓarnar ta fara ne da suka buɗe baki suna bayani. In ba ka san dalili ba, kada ka ƙago wa Allah dalili.

Na biyu, mu bar mutane su yi kuka a gaban Allah. Kusan kashi ɗaya cikin uku na Zabura kuka ne da ƙorafi. Zabura 88 ta fara da kuka ta ƙare cikin duhu, ba ko aya ɗaya ta murna, Ruhu Mai Tsarki kuma ya ga ya dace a sa ta cikin littafin waƙoƙin jama'ar Allah. Annabi Habakuk ya buɗe littafinsa da tambayar Allah har yaushe zai yi kira ba a ji ba. Mai gaya wa Allah ɓacin ransa bai bar Allah ba, da shi yake magana. Ina roƙon fastoci da 'yan'uwana katikis, ko da sau ɗaya a wata, bayan shaidar waɗanda suka samu, mu tsaya mu yi addu'a domin waɗanda har yanzu suke jira.

Na uku, mu zama hannuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sau da yawa amsar addu'ar gwauruwa tana cikin rumbun wani dattijon ikilisiya, ko a cikin gayyar matasa ranar Asabar. Addu'a kuma ba ta hana magani. In bazara ta shigo aka ga yaro da zazzaɓi mai zafi da sandarewar wuya, a yi addu'ar a kan hanyar asibiti, kada a jira gari ya waye. In an zo rigakafi, a kai yara.

Na huɗu, mu guji masu sayar da amsa. Siman mai sihiri ya so ya sayi baiwar Allah da kuɗi, Bitrus ya tsauta masa da zafi (Ayyukan Manzanni 8:18-23). Duk wanda ya sa wa amsar addu'a farashi, ko ya ba ka rana da wata da Allah zai yi abu, ka kama jakarka ka kama zuciyarka.

Na biyar, kada mu daina roƙo. Yesu ya ba da misalin gwauruwa da alƙali marar tsoron Allah musamman domin kada mu karai (Luka 18:1-8). Wanda aka hana jiya ana iya ba shi gobe. Wanda kuma ba za a ba shi abin da ya roƙa ba, yana bukatar ƙarfin ɗaukar rashin, wannan ƙarfi kuwa a wurin addu'a ake samunsa.

Komawa ga tabarmar

Bayan mako uku na koma gidan gwauruwar nan. Na ce, "Mama, na zo da rabin amsa ne. Dalilin da ya sa Allah ya ɗauki yaron, ban sani ba, ba kuwa zan yi miki ƙarya ba. Amma abu biyu na tabbata. Ba laifinki ba ne. Allah kuma ya ji ki, yadda ya ji Ɗansa a Getsamani." Na karanta mata labarin Yakubu da Bitrus. Ta saurara, ba ta ce kome ba.

Ta yi wata biyu ba ta taka majami'a ba, ba mu kuwa matsa mata ba. Zumuntar Mata suka raba kwanaki a tsakaninsu, wannan ta kawo ruwa, wannan ta yi daka, wata maƙwabciyarta Musulma kuma kullum da yamma sai ta aiko da fura. Matasa suka share mata gona. Wata Lahadi sai muka gan ta ta shigo ta zauna a bencin baya. Ba ta yi waƙa ba. Da aka tashi ta tsaya a bakin ƙofa ta ce mini, "Malam, har yanzu ban gane ba. Wani dare sai in ji kamar in yi masa ihu. Amma na duba, in na bar shi, wurin wa zan je? Yarona yana hannunsa."

A ƙarshen watan Mayu na wuce ta gefen gonarta a kan babur. Sama fes take, ko gizagizai babu. Na hango ta da 'yarta, ɗaya tana sara da sungumi, ɗaya tana bi tana zuba iri tana rufewa da ƙafa. Binne suke yi.

Ya ɗan'uwa, ya 'yar'uwa, da kake Daura ko Zango, Baure ko Sandamu, Mai'adua ko wani wuri mai nisa, kana riƙe da roƙon da ya tsufa a bakinka: Ubangiji ya ƙarfafa ka, ya ba ka 'yan'uwa masu zama da kai, ya kiyaye bangaskiyarka har ranar da zai share dukan hawaye. Amin.